Hukuncin cin abinci sau ɗaya a rana ga mai aiki da motsa jiki

Tambaya: Allah gafarta malam, ina aiki a shagon sayar da kayan gini, kuma ina gudu bayan sallar asuba. Mako uku ke nan da na koma cin abinci sau ɗaya bayan magariba domin rage ƙiba, amma ina shan ruwa da rana. Idan la'asar ta yi nakan ji jiri, musamman in na ɗago daga ruku'u. Shin wannan ya halatta, kuma ina da ladan azumi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Shari'a ba ta ƙayyade yawan lokutan cin abinci ba, saboda haka ci sau ɗaya al'ada ce wadda asalinta halacci ne. Rage ci ma abin yabo ne, domin Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba cewa Annabi (SAW) ya yi umarni, idan babu makawa, a kasa ciki uku: kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Sai dai hadisin yana magana ne a kan yawan abin da ke shiga ciki, don haka wanda ya wuni da yunwa sannan ya ɗirka tuwo malmala huɗu har ya kasa tashi sallar isha'i ya saɓa masa, ko da sau ɗaya ya ci.

Game da lada, wannan ba azumi ba ne, domin azumi kamewa ne daga ci da sha tun fitowar alfijir har faɗuwar rana tare da niyya, wadda a mazhabar Malikiyya ake ƙulla ta kafin alfijir ko da na nafila ne. Kana iya samun ladan kula da lafiya idan ka nufi ƙarfin yin ibada da neman halal.

Abin da ya fi damuna a tambayarka, ɗan'uwa, shi ne jirin nan. Halaccin yana da sharaɗin rashin cutarwa, bisa hadisin da ya hana cutar da kai da cutar da wani, wanda Imamu Malik ya kawo, da kuma aya ta 195 a Suratul Baƙara, wadda ta hana jefa kai cikin halaka. Annabi (SAW) ya gaskata Salmanul Farisi lokacin da ya gaya wa Abud Darda'i cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, alhali shi Abud Darda'i ibada yake yi, ba rage ƙiba ba. Sannan maigidanka yana biyanka ne don ƙarfinka, kuma mutumin da ke ɗauke da buhun siminti mai kilo 50 a ka, idonsa na ganin duhu, hatsari ne ga kansa da wanda ke kusa da shi.

Saboda haka a halin da ka bayyana bai dace ka ci gaba a wannan tsari ba. Ka koma ci sau biyu, ka rage a hankali, ka matso da motsa jikin kusa da lokacin cin abinci, kuma ka haɗa da wake ko ƙwai ko kifi da ganye irin su zogale. Ka je a auna maka jini da suga, domin idan likita amintacce ya tabbatar yana cutar da kai, to ya haramta a kanka. Haka hukuncin yake ga mai shan maganin ciwon suga, da mai gyambon ciki, da mai juna biyu ko shayarwa. Idan kuma ladan kake kwaɗayi, ka azumci Litinin da Alhamis, ka yi sahur, a ranakun da aikin shagon bai yi nauyi ba.

Allah ne mafi sani.