Yadda ake duba man giya a tsohuwar mota mai giyar hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Golf 3 ƙirar 1996 mai giyar hannu, wadda nake jigila da ita tsakanin Funtuwa da Zariya. Kwanan nan ta fara wani kuka idan na saka giya ta biyar, kuma na duba cikin bonet ban ga gejin man giya ba. Ta yaya zan gane ko man ya yi ƙasa, kuma wane iri ya kamata in ƙara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba za ka ga geji ba, domin yawancin motoci masu giyar hannu ba a yi musu shi ba. Abin da ke akwai noti biyu ne a jikin giyabos, wato akwatin giya: ɗaya a ƙasa wanda ake juye mai ta nan, ɗaya kuma a gefe wanda ake zubawa, kuma ramin wannan na gefen shi ne ma'aunin. A yawancin irin motarka, ana isa gare shi ta wajen tayar gaba ta hagu, ana kuma kwance shi da alanki mai lamba 17.

Sai a tsayar da motar a wuri mai daidai, a kashe inji, a bar ta ta huce. Ya fi kyau a hau ramin masu juye mai, saboda idan aka ɗaga gefe ɗaya da jak man zai karkata ya ba da awon ƙarya, ga kuma haɗarin shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A goge ƙasa da maiƙon da suka daskare a kewayen notin kafin a taɓa shi, don kada yashi ya faɗa ciki. Idan an cire shi, a zura yatsa: matuƙar man ya kai leɓen ramin na ƙasa, ko yana ɗan tsattsafowa, to ya isa. Idan sai an lanƙwasa yatsa ƙasa kafin a taɓo shi, ko kuma ya fito a bushe, akwai giɓi. Ana ƙarawa ne da mazurari da siririn tiyo, a hankali, har sai ya fara dawowa ta ramin, sannan a jira ya daina zuba a mayar da notin ba tare da an matse shi fiye da kima ba, domin jikin giyabos ɗin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi.

A shafa man a farin tsumma a duba shi da kyau. Warin farar wuta da yake yi ba matsala ba ce, haka man giya yake. Amma idan ya yi baƙi ƙirin yana ƙauri, ko ana ganin burbushin ƙarfe na ƙyalli a cikinsa, ko ya yi fari-fari kamar madara saboda ruwa ya shiga, ƙari ba zai wadatar ba, sai a juye duka a zuba sabo, wajen lita 2 a yawancinsu. A nan dole ne a fara kwance notin gefe kafin na ƙasa, don an sha juye mai sannan a tarar na zubawar ya cije.

Game da irin man, nemi 75W-90 mai alamar GL-4 a jikin galan. Ka guji mai kaurin nan lamba 140 da ake aunawa a bakin hanya, wanda ya fi dacewa da akwatin giyar tayoyin bayan manyan motoci, domin zai sa giya ta yi tauri, musamman da safe lokacin hunturu. GL-5 kuwa, ko da yake ana ɗauka ya fi inganci saboda lambarsa ta fi girma, an yi shi ne don wani aikin daban, kuma wasu nau'o'insa suna cin zobban tagullar da ke daidaita shigar giya. Gaskiya ne akwai tsofaffin Honda da kamfaninsu ya amince a zuba musu man inji a giya, sai dai wannan bai shafi Golf ba.

Kukan da ka ambata shi ya fi damuna. A wannan giyabos, giya ta biyar tana can ƙarshen akwatin, kuma ita ce ta farko da mai ke yanke wa idan ya ragu, ga shi ita ce aka fi daɗewa a kanta a doguwar hanya. Ka daina saka ta har sai an duba. Idan kukan ya ci gaba bayan an cika man, to boris ko haƙoran giyar sun riga sun ci, sai bakanike ya buɗe.

Man giya ba ya ƙonewa yadda na inji yake yi, saboda haka duk inda ya ragu yoyo ne. A duba sil, wato robar da ke hana mai yoyo, da ke inda shaf biyu masu juya tayoyin gaba suka shiga giyabos, da na sandar canza giya, da ƙasan gidan kuloci. Idan nan ne ke jiƙe da mai mai warin giya, a gaggauta gyara kafin ya ɓata farantin kulocin.