Me ya sa jirgin da ya fi iya juyi ba lallai shi ke cin faɗa ba

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: a Yaƙin Duniya na Biyu, tunda jirgin yaƙin Japan mai suna Zero ya fi Wildcat na Amurka iya juyi nesa ba kusa ba, ta yaya matuƙan Amurka suka riƙa kakkaɓo shi? Sun ƙi shiga irin faɗan da Zero yake so ne.

Juyi mai tsanani yana cin gudu. Da zarar matuƙi ya ja sandar tuƙi da ƙarfi, iska za ta ƙara riƙe fikafikai, gudu ya ragu, jini ya gangara ƙafafu har ganinsa ya fara dusashewa. Jirgin da gudunsa ya ƙare kuwa ya zama nama. Shi ya sa kasancewa a sama ya zama jari: ka sulmiyo, ka yi harbi sau ɗaya, ka wuce, kada ka tsaya zagaye da shi. Zero ba shi da sulke, tankin mansa ba ya toshe kansa idan harsashi ya huda, kuma in gudu ya yi yawa sandarsa kan yi nauyi. Wildcat yana da sulke, ya kuma fi shi jure sulmiyowa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta John Thach, matuƙin jirgin sojan ruwan Amurka, wadda ya tsara da tsinken ashana a kan teburin gidansa, ya gwada ta a yaƙin Midway a watan Yunin 1942. Jirage biyu, ko rukuni biyu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da tazara a tsakani, kowa na gadin bayan ɗan'uwansa. Zero na manne wa ɗaya, sai su juyo su fuskanci juna su gitta. Mai bin nan sai ya tsinci kansa a bakin bindigogin na biyu. Tazarar ce ke ɓata aikin: in sun matsu, na biyu ba zai samu filin juyo da hancinsa ba, in sun yi nisa, kafin ya iso an gama da abokinsa.

Sai batun harbi. Tun 1916 Oswald Boelcke, matuƙin jirgin yaƙin Jamus, ya shimfiɗa ƙa'ida: ka sa rana a bayanka, kada ka harba sai ka matso. Harsashin Spitfire, jirgin yaƙin Ingila, a 1940 na daƙiƙa 15 ne kacal ko kusa da haka, kuma matuƙan Ingila sun rage nisan da harsasan bindigoginsu takwas ke haɗuwa daga yadi 400 zuwa 250, don sabon matuƙi yakan zazzage su tun daga nesa, ya iso kan abokin gaba ba ko ɗaya.