Kada ka ce a sayo shokazoba sai hannunka ya kama mai laifin

Ka ce da ni, "Oga, motar nan tana ƙara gwaf-gwaf a gaba in ta shiga gargada. Na ɗaga ta na girgiza taya ban ji komai ba. Ko shokazoba ce, in gaya wa mai ita ya sayo?" Da a girgiza taya ka tsaya, da na ce ka koma ka sake dubawa, shi ke nan. Amma "ya sayo" ɗin nan ta fama mini tsohon miki, don haka ajiye wayar nan ka saurara.

Shekara biyu da maigidana ya yaye ni na buɗe nawa wurin, wani mutum ya kawo mini mota. Fes-fes da shi, magana a hankali, ya ce shi ke kula da motocin wani kamfani, guda 7. Tasa ta kansa ce ke damunsa da ƙara a gaba ta hagu. Tun kafin ya kashe inji ya yanke hukunci, ya ce, "Shok ne, kowa ya ji ya ce shok ne." Na zaga da ita, na ji ƙarar, kuma lallai kamar daga hagu take fitowa. Na dawo na sa jak ɗaya a gefen hagu, daidai abin da ka yi yau, na girgiza taya sama da ƙasa, hagu da dama, komai tsam. Na leƙa shok na ga ɗan danshin mai da ƙura ta manne a jikinsa. Danshi ne kawai, ko ɗigo babu. Amma mai mota ya riga ya cusa mini shok a kai, ni kuma ido na kan motocin nan 7. Na ce masa gaskiyarka.

Sai ya ce ba kuɗi a hannunsa sai ƙarshen wata, in taimaka in sayo, ai mun zama ɗaya. Kuɗin da na shafe watanni ina tarawa don in sayi kwamfuresa, su na kwasa na sayo shok sababbi guda biyu, don ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Na ɗaura, na sauke mota, na fita da ita. Ramin farko, gwaf. Wallahi har yau ina jin yadda gumi ya keto mini a bayan sitiyarin nan. A nan ya kamata in tsaya in fara bincike daga tushe, amma kunya ta hana. Na je wurin mai sayar da kaya na ci bashin lowa am na hagu, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota, na ɗaura. Ƙara tana nan daram.

Ya zo ya ce bari ya tafi da ita ya gwada kwana biyu. Tafiyar ke nan. Bayan sati uku wani yaron gareji ya ba ni labari cewa wurinsu aka kai ta. Maigidansa ya tura ta kan ramin gareji, ya kama link ɗin stabilaiza na dama, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa ƙafar mota da sandar da ke rage mata tangaɗi, ya jijjiga, ya ji shi yana lako-lako. Na dama fa, ba na hagu ba. Ƙarfe ɗan tsawon tafin hannu, yana cikin mafi araha a duk ƙafar gaba, aikin minti 20. Sandar stabilaiza ce ke ɗaukar ƙarar ta kai ta ɗaya gefen, kunnena ya bi ta.

Sau huɗu ina zuwa ofishin mai motar neman kuɗina. Na huɗun ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Ni ƙara na ce ka kashe, ka kashe ta?" Na ce ai kai ka ce shok ne. Ya ce shi makaniki ne da zai faɗi haka? Na ce to ga tsofaffin kayanka na adana, kawo motar in mayar maka in cire nawa. Ya ce in na sake taka ƙofarsa zai sa a fitar da ni. Wata biyar na yi ina biyan mai kaya. Motocin kamfani ko ɗaya ban gani ba, kuma ya bi abokansa yana cewa ban san aiki ba. Shekaru na yi ina ganin motar nan tana wucewa a kan titi, tana tafiya lafiya lau a kan shok ɗina. Kuskuren jak nawa ne, na ɗauka. Cin haƙƙin kuwa nasa ne, kuma ban yafe ba.

To ga dalilin da ya sa ba ka ji komai ba. Sandar stabilaiza ta haɗa ƙafar hagu da ta dama. In ka ɗaga gefe ɗaya ka bar ɗaya a ƙasa, sandar ta murɗe, ta ja link biyun ta ɗaure su tamau, ko mataccen link sai ya yi kamar sabo. Dole tayoyin gaba su kasance daidai, ko duka a sama, ko duka a ƙasa a kan rami, sannan ka kama link da hannu. In har yanzu kana kokwanto, kwance link biyun, ka ɗaure sandar da waya kada ta taɓa komai, ka zaga a hankali a wurin da take ƙarar. In ta yi shiru, laifin yana kan link ko robobin da suka riƙe sandar. Ba ka sayi komai ba, ka sami amsa. Ka mayar da su kafin motar ta fita, don ba a ba mutum mota da stabilaiza a kwance.

Ba zan tsaya koya maka inda ake sa jak da yadda ake tokare mota ba. Wanda bai san wannan ba, ba shi da abin yi a ƙarƙashinta. Noti na taya ma ban ce ka duba ba, kowa ya san da shi ake farawa.

Abin da ku yaran yanzu ba ku da shi shi ne haƙurin saurare. Mota ta shigo, kun ruga kun ɗauko na'urar kwamfuta kun jona, sai ka ce boljoyin, gaɓar nan da ƙafar taya ke juyawa a kanta, yana da waya a jikinsa da zai aiko muku da saƙo. In na'ura ta ce babu komai, sai ku buɗe bidiyo a waya. A zamaninmu maigida zai sa ka a kujerar gefe, ya sauke gilashi, ya ce faɗa mini yaushe ta yi. Yaushe ɗin nan shi ne rabin aikin. Ƙwal-ƙwal a kan ƙananan gargada, ko da ba gudu, yawanci link ne. Gwaf guda ɗaya lokacin taka birki ko fizgar mota daga tsaye, ka nemi bushin ɗin lowa am, wato robar da ke gaɓarsa, ka sa wani ya taka birki kana kallon taya daga gefe, za ka ga tana matsawa gaba ko baya. Mota a tsaye ana juya sitiyari tana ƙwas, ɗora hannu a kan sifirin, in ka ji yana maƙalewa yana fizga, boris ɗin saman shok ne. Kas-kas-kas a jere in an karya sitiyari gaba ɗaya an taka totur, wannan kan shaf ne, ƙarfen da ke juya taya, ba ruwansa da abin da ka tambaya.

Girgiza taya ma akwai yadda ake yi. Hannu a hagu da dama, in ta yi wasa, tayarod ne, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, na waje ko na ciki, kuma sai wani ya riƙe gaɓar da hannu zai san wanne. Hannu a sama da ƙasa, boljoyin ne ko boris ɗin taya. Sa a taka birki ka sake girgizawa: in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne. Amma ƙarfin hannunka bai kai nauyin mota ba, shi ya sa ake zura liba ƙarƙashin taya a banƙara sama, ido na kan gaɓar. Motoci irin su Corolla da Golf, da shok da sifirin suke haɗe a kan habin taya, ka sa jak a jikin motar ka ɗaga, ka bar ƙafar tana reto. Wadda sifirin ɗinta ke zaune a kan lowa am kuwa, a ƙarƙashin lowa am ɗin ake sa jak, kusa da taya, in ba haka ba ƙarfin sifirin ya matse boljoyin ya ɓoye wasan. Kuma shi boljoyin ba abin lallaɓawa ba ne. Link in ya mutu surutu zai dame ka da shi. Boljoyin in ya fita, taya ce za ta kwanta a tsakiyar titi da mutane a ciki. Robarsa ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga, ka gaya wa mai ita ƙiri-ƙiri, ko ransa zai ɓaci.

Shok da kuke ɗora wa kowane laifi, alamarsa a fili take: mai yana gangarowa sharkaf a jikinsa, mota tana ta lilo bayan ta wuce rami, taya tana cinyewa tudu da kwari. Ɗan danshi bai isa a yanke masa hukunci ba.

Gobe da safe ka tura motar nan kan rami, tayoyi huɗu a ƙasa. Ka sa ƙaramin yaron nan ya riƙa jijjiga ta gefe da gefe, kai kana ƙasa da fitila, hannunka yana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, dama da hagu duka. Inda ka ji yana bugun tafin hannunka, kira ni in gani kafin ka buɗe baki da mai ita. In ya yarda a yi aikin, kuɗin kaya a hannu tukuna, kuma kada ka ɗaure notin bushin sai motar ta sauka a kan ƙafafunta.