Lambar sama ba a karanta ta daga lissafin haɗi, auna ta ake yi

Ƙanena, ka ce a darasinku na Tarminal an rubuta S2O8(2-) + 2I(-) → 2SO4(2-) + I2, amma da aka zo dokar sauri sai malam ya rubuta v = k[S2O8][I] (v saurin haɗin ne, k lambar da ake ninkawa da ita, [ ] kuma yawan sinadari a cikin lita), kana tambaya ina 2 ɗin da ke gaban iyodir, wato I(-), ta shiga. Malaminka bai yi kuskure ba. Na daɗe ina koyar da wannan babi a nan Damagaram, kuma kowace shekara a daidai nan ɗalibai ke tuntuɓe.

Lambar da ke gaban sinadari lissafin kaya ce kawai: nawa ya shiga, nawa ya fito. Ba ta faɗa maka yadda aka bi aka kai can. Lambar sama kuwa, wato wadda ake ɗora wa [S2O8] ko [I] a dokar sauri (in 1 ce ba a rubuta ta), sai an gwada. Ga yadda muke yi a aji: a zuba ɗan tiyosulfat kaɗan da ruwan sitaci cikin haɗin, a danna agogo. Ruwan zai tsaya garau kamar ba abin da ke faruwa, yara har su fara surutu, sai farat ɗaya ya koma shuɗi mai duhu. A sake, amma a ninka yawan iyodir a cikin lita. Lokacin jira zai ragu zuwa kusan rabi, ba kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ke nan sauri ya ninka sau 2, lambar sama 1 ce. Da 2 ce, da ya ninka sau 4.

Dalili shi ne haɗin ba a tashi ɗaya yake aukuwa ba, mataki-mataki ne, kuma mataki mafi nawa shi ke riƙe da ragamar. Dubi NO2 + CO → NO + CO2: in zafi bai yi yawa ba, dokarsa v = k[NO2]², CO ma ba ya ciki sam. Kamar famfon unguwa ne lokacin da ruwa ke zuwa siriri, ko ka jera bido ɗari ba za su sa ya ƙara gudu ba.

Wani abin da ba ka tambaya ba amma zai same ka a jarrabawar BAK: muddin matakan haɗin ba su canza ba, zafi ba ya taɓa lambobin sama, k yake canzawa. Arrhenius ne ya ba da dokar a 1889, k = A·e^(-Ea/RT), inda Ea shi ne ƙarfin da ake buƙata kafin haɗin ya tashi, A da R lambobi ne tsayayyu, T kuma zafi ne da kelbin ake sa shi, kada ka kuskura ka sa digirin Selsiyus. Haɗin da ke sa mu jira da sanyin safiyar Janairu, a watan Afrilu kafin ka gama gyara tsayuwa ya rine. Abin da ake cewa ƙarin digiri 10 na ninka sauri, kimantawa ce, ba ta aiki ga kowane haɗi, ni dai ba na son ganin ta a takardar jarrabawa. Wannan tasirin zafi ne ya sa ake tsoma samfur cikin ruwan ƙanƙara kafin a auna shi, don a daskarar da haɗin a daidai mintin da aka ɗiba.

In an ba ka teburin sakamakon gwaji, nemi layi biyu da abu ɗaya tak ya canza a tsakaninsu, ka raba saurinsu. Turo teburin da aka ba ku mu yi shi tare a nan.