Tambayarka Kan Kalmomin Sabo A Turanci

Ɗana,

Na ga abin da ka rubuta a gefen takardar da na ba ka jiya. Ka ce a shafi ɗaya ka ci karo da usual, habitual, customary, accustomed da familiar, ka duba ƙamus ya ba ka "wanda aka saba" a kusan dukansu, sai ka fassara su haka har sau biyar. Kana tambaya ko kuskure ne. Kuskure ne, amma na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya kafin takardar ta bar ofis.

Duk lokacin da ka haɗu da ɗaya daga cikinsu, ka fara tambayar kanka: sabon nan na wane ne? Na mutum ɗaya ne, na jama'a ne, ko na ido da kunnen mai kallo? Amsar ita za ta zaɓa maka Hausar.

Usual ba ta da wahala, ba yabo a cikinta ba zargi. Mutum ya zauna a bencin mai shayi da safe, bai ce komai ba, mai shayi ya fasa masa ƙwai biyu ya yanka biredi ya haɗa shayi ba sukari. Wannan shi ne "the usual", mu kuma mu ce "irin na kullum". A nan fassararka ta yi daidai. Regular ƙanwarta ce, sai dai ita tana da agogo: abin da ke zuwa a kai a kai, a kan kari.

Habitual ta fi su nauyi. Daga habit ta fito, abin da ya zauna a jikin mutum ɗaya har yana yinsa ba tare da ya yi tunani ba, kuma sau da yawa da mugun abu take tafiya. In ka ga "habitual liar", kada ka ce maƙaryacin da aka saba. Ka ce ƙarya ta zame masa jiki. Abin da Bahaushe ke nufi ke nan da hali zanen dutse. Amma ka kula, a takardun shari'a akwai "habitual residence", wato inda mutum yake zaune a kullum, wannan ba zargi a ciki.

Customary kuwa ta jama'a ce, al'ada ce. A nan nake so ka buɗe ido sosai, domin mafi yawan takardun da ake kawo mana na fili ne da gona. Dokar amfani da ƙasa ta Najeriya ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma raba haƙƙin zama gida biyu. Akwai wanda gwamna ke bayarwa, "statutory right of occupancy", akwai kuma wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa a ƙasar da ba ta cikin birni, "customary right of occupancy". Har iyaka dokar ta sa wa ƙaramar hukuma: hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo, fiye da haka sai da yardar gwamna. To ka ga customary a nan suna ne na doka. In manomi ya kawo maka takardarsa ka karanta masa "izinin zama da aka saba bayarwa", zai tafi yana ganin takardar banza ce da ake ba kowa. Ka ce masa haƙƙin zama bisa al'ada, sannan ka faɗa masa wace hukuma ce ta bayar. Haka ma "Customary Court", kotun gargajiya ce, ba kotun da aka saba zuwa ba.

Saura biyun da suka fi yaudarar Bahaushe, domin dukansu muna jin su kamar "saba". Accustomed sabo ne na gaske, wanda ke ɗaukar lokaci: baƙo ya yi shekara a Sakkwato har jikinsa ya daina jin zafin bazara, ya zama "accustomed to the heat". Familiar kuwa yawanci sani ne kawai, ko da na gani ɗaya ne.

Wannan na koye shi ne a tsaye a gaban alƙali, lokacin da nake sabon tafinta a wata kotu. Lauya ya ɗaga wata takardar ciniki ya tambayi wani dattijo da ya zo shaida, "Are you familiar with this document?" Na juya na ce, "Baba, ka saba da wannan takarda?" Dattijon ya karɓa, ya matso da ita kusa da idonsa, ya juya bayanta, ya ce, "A'a, ban saba da ita ba." Gaskiya ya faɗa, sau ɗaya ya taɓa ganinta, ranar da ya dangwala yatsa a kanta. Amma abin da ya shiga kundin kotu shi ne bai san takardar ba, alhali ga yatsansa a ƙasa. Lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe yana neman ya mai da shi maƙaryaci. Sai da na nemi izinin alƙali na ce kuskuren daga gare ni ne, aka sake tambayar: "Ka san wannan takarda?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa." Har yau in na tuna yadda jikin dattijon nan ya yi sanyi a cikin 'yan mintocin, raina yana ɓaci. Mutuncinsa ne na kusa zubarwa da kalma ɗaya.

Ka kuma lura da ƙaramar kalmar da ke bin ta. "Familiar with" kai ne ka san abin. "Familiar to" abin ne ba baƙo ba a wurinka, kamar ka ce fuskar nan na taɓa ganinta. In kuma aka ce wani ya yi "too familiar" da na gaba da shi, zaƙewa ake nufi, sabon da ya kai ga raini. Asalin kalmar daga Latin ne, familia, mutanen gida, kuma ka san akwai wasan da sai ɗan gida.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Turanci yana ɗora sabo a kan sifa, mu kuwa muna da shi a jikin aikatau, a cikin ɗan ƙaramin "kan" ɗin nan: yakan zo, takan ce, sukan taru. Saboda haka sau da yawa ba sifa za ka nema ba sam. Dubi jimla ta uku a shafinka, "He sat in his accustomed place by the door." Kai ka rubuta, "Ya zauna a wurinsa wanda aka saba a gefen ƙofa." Karanta ta da ƙarfi ka ji, akwai wanda ka taɓa jin ya yi magana haka a kasuwa ko a majalisa? Ka ce, "Ya zauna inda yakan zauna, bakin ƙofa."

Ka koma shafin ka sake jimlolin biyar, ka rubuta a gefen kowace ko sabon na wane ne. Ka kawo min gobe bayan azahar mu karanta tare.