Tambaya da Amsa: Me Ake Nufi da PHP?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai koyon kwamfuta daga wani ƙauye kusa da Ringim a Jihar Jigawa. Mai koya mana yakan ambaci PHP idan ana zancen gina shafukan intanet, amma bai taɓa fayyace mana haruffan ba. Don Allah a yi mini bayani.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yata. PHP sunan wani harshe ne na rubuta manhaja, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. Da farko haruffan suna wakiltar "Personal Home Page" ne, wato shafin mutum na kansa, domin ya ƙirƙire shi ne saboda ya riƙa sanin masu ziyartar shafinsa. Bayan Zeev Suraski da Andi Gutmans sun sake gina shi, aka fitar da zubi na 3 a 1998 da sabuwar ma'ana, "PHP: Hypertext Preprocessor", ma'ana mai sarrafa rubutun shafi kafin ya isa ga mai karatu. Ki lura cewa harafin farko yana nufin PHP ɗin kansa, kamar kwarya a cikin kwarya, kuma da gangan masana suka yi wannan wasan.

Umarnin da aka rubuta da PHP yana aiki ne a kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ba a wayarki ba. Da shi aka gina WordPress, wata manhajar haɗa shafukan intanet, da kuma manhajar Wikipedia. Idan kuwa kika ga PHP a jadawalin canjin kuɗi, to kuɗin ƙasar Filifin ake nufi.