Ra'ayin riƙau falsafa ce ko tsoron sauyi?

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka tambaya ko ra'ayin riƙau, wanda wasu ke kira na 'yan mazan jiya, yana da wata falsafa, ko dai tsofaffi ne kawai ke gudun a taɓa musu kujera. Tarihi na koyar a sakandare a yankin Sinnar na ƙasar Sudan har na yi ritaya, don haka ga abin da na karanta da wanda idona ya gani.

Yana da tushe. Wanda aka fi jingina masa shi ne Edmund Burke, ɗan majalisar Birtaniya haifaffen Dublin. A 1790, juyin juya halin Faransa na da shekara guda, ya yi gargaɗin cewa masu rushe komai don su sake gini da dabarar kansu za su ƙare a jini, daga baya wani janar ya hau kansu. Sai a 1793 aka sare kan sarki, Napoleon kuma ya karɓe mulki a 1799. Hujjarsa ita ce wayon mutum ɗaya kaɗan ne, al'ada kuwa rumbu ce da kakanni suka cika da abin da suka gwada, ko da jikoki sun manta dalili. A wurinsa al'umma amana ce tsakanin waɗanda suka rasu, da masu rai, da waɗanda ba a haifa ba. Bai hana gyara ba, yana dai son a yi shi kamar yaɓen ɗaki bayan damina.

Ban gane wannan a littafi ba, a ƙauyenmu na gane. Da gwamnatin Numeiri ta soke mulkin gargajiya na nazir da umda, wato sarakunan ƙabilu da hakimansu, a farkon shekarun 1970, ina cikin samarin da suka yi tafi. Bayan gari akwai wani dogon fili mai baƙar ƙasa da ba a nomawa, shehun garinmu ya hana. Kwamitin matasa ya ce ɓarna ce, aka raba shi gonaki. Ashe burtali ne, ta nan shanun makiyaya ke gangarawa kogi. Da kaka ta zo suka iske dawa a kan hanyarsu, suka bi ta ciki. A da in an yi ɓarna, tsohon nan zai aika a kira babban makiyayan, wanda ya san ubansa da kakansa, a shimfiɗa tabarma, a ɗora jabana, tukunyar gahawa, a wuta, kafin a sha zagaye na uku an yanke abin biya. Yanzu sai ofishin 'yan sanda, ga rauni a kan mutum biyu, ga shari'a wata da watanni.

To amma kada ka tsaya nan. Tun a 1791 Thomas Paine ya mayar wa Burke martani: matattu ba su da hurumin mulkar rayayyu daga kabari. Ya ce Burke na jin tausayin gashin tsuntsu, ya manta da tsuntsun da ke mutuwa, wato yana kuka don sarauniya, bai ga talakan da yunwa ta cinye ba. Friedrich Hayek, wanda 'yan riƙau ke ƙauna, shi ma a 1960 ya ce ba ya cikinsu, don ra'ayin nasu birki ne, ba ya nuna hanya. Kuma gaskiya ne, daɗewar abu ba ta tantance mai kyau da mugu. Bauta ta daɗe, sai 1962 Saudiyya ta haramta ta. Kaciyar mata ta daɗe, sai 2020 dokar Sudan ta mai da ita laifi a faɗin ƙasa.

Mu Hausawan nan ma bai kamata a ba mu labari ba. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903 mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka yo gabas, aka kafa Mai Wurno a bakin Nilu. Fiye da shekara ɗari muna noma muna binne iyaye a ƙasar nan. Amma a tsarin gargajiya ƙasa ta wanda ya riga zuwa ce, kuma gardamar ko Bahaushe zai samu masarauta tana cikin abin da ya hura rikicin Yulin 2022 a wajen Damazin da Rusairis. Tsarin da ya kare burtali shi ne ke ce mana baƙi. In ka tambayi Burke shekara nawa baƙo zai yi ya zama ɗan gida, ba ka samun amsa mai gamsarwa.

Shehun nan namu, Allah ya jiƙansa, ya yi daidai a kan burtali, mu muka yi wauta. Shi ne kuma ya ce 'ya mace ba ta shiga makarantar gwamnati, iyayenmu suka bi. Yayata ta fi ni kaifin kai nesa ba kusa ba. Har ta rasu, ni nake karanta mata wasiƙun da ɗanta ke aikowa daga Jidda.